Zaɓen Kuloci Mai Sauƙin Kuɗi ga Motar da Aka Sauya wa Giya a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Dambatta ranar Lahadi, ko ya bi hanyar Bichi da sassafe lokacin kakar tumatir, ya ga irin motocin da wannan maƙala za ta yi magana a kansu. Ƙananan motoci ne da aka ƙera a Turai domin mutum biyar da 'yan jakunkunansu, amma a nan sai a ga an lafta musu buhuna da kwanduna har but ya ƙi rufuwa, an ɗaure shi da igiya. Da yawa daga cikinsu ba yadda suka fito daga masana'anta suke ba. An sauya wa wasu inji, an ƙara wa wasu sifirin a baya, wasu kuwa an cire musu giyar otomatik an ɗaura musu giyar hannu. Wannan aiki na ƙarshe shi za a duba, musamman ɓangarensa guda da ya fi jawo wa masu motoci asara, watau zaɓen kuloci.

Abin da ya sa na ɗauki wannan batu shi ne abin da ya sami yayana. Ya sayar da bijimansa biyu na huɗa, ya haɗa da kuɗin gyaɗa, ya sayi Golf mai dogon baya, mai giyar otomatik. Da giyar ta fara ba shi wahala, sai aka ba shi shawarar ya mayar da ita ta hannu. Ya kashe kuɗi a kan giyabos da sauran kayan aiki, da aka zo kan kuloci kuwa aljihu ya yi sanyi, sai ya ɗauki mafi araha a wani shago a birni. Ba a yi wata huɗu ba motar ta tsaya masa a cikin rairayi da kwandunan tumatir na mutane, inji yana kuka, taya ba ta motsi. Kafin a samo wata motar rana ta yi wa kayan illa, shi kuma ya shiga biyan abin da bai ci ba. Tun daga ranar na shiga bin kanikawa da tambaya, ina haɗa abin da suka nuna mini da abin da na karanta.

Dangane da kalmomi, na yi amfani da waɗanda ake ji a gareji, kamar kuloci da giyabos da fulawil da boris, waɗanda Hausa ta aro ta gyara su daidai da bakinta. Inda ban sami tsayayyen suna ba, na siffanta abin da aikinsa.

2.0 Ƙasar da Motar Take Aiki

Ba za a gane wahalar kuloci ba sai an fara gane hanyar da yake bi. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano, musamman ta wajen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, har zuwa Bichi da Bagwai da Makoɗa da Dambatta, ƙasa ce mai yawan jama'a, gona manne da gona, kusan babu saura. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta, ya nuna yadda manoma suke noma gona ɗaya kowace shekara ta hanyar ciyar da ita da taki. Jaki shi ne motar wancan zamani. Shi yake kai itace da amfanin gona birni, ya komo da taki. Yau mafi yawan wannan aiki ya koma kan a-kori-kura da ƙananan motoci da babura masu ƙafa uku.

Manyan titunan kwalta kaɗan ne: wanda ya nufi Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, da wanda ya nufi Daura ta Dambatta da Kazaure, sai waɗansu da suka haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomi. Da zarar mota ta sauka daga waɗannan, sai burji ko turbar shanu da ta ratsa tsakanin shingayen gonaki. Ƙasar jigawa ce, da rani rairayi, da damina kuma zaizaya da taɓo. Motar da za ta ɗauko hatsi zuwa kasuwar Dawanau, ko kayan lambu daga wuraren noman rani na madatsar Watari ko ta Tomas, tana iya tashi da tsayawa sau da yawa cikin ɗan gajeren zango, da kaya a kanta. Kowane tashi kuwa a jikin kuloci yake ƙarewa.

3.0 Dalilin Sauya Giya

A da, babu wannan matsala sosai. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika ƙasar da 404 da 504, kusan dukkansu masu giyar hannu, kuma kowane bakanike ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, aka koma kan tsofaffin motocin Turai da Amurka da ake shigowa da su ta Ikko da Kwatano. A cikinsu akwai masu giyar otomatik da yawa, musamman waɗanda suka fito daga Amurka.

Giyar otomatik tana da daɗin tuƙi a birni, amma a ƙauye tana da illoli huɗu. Na farko, ba a tura motar ta tashi idan batir ya mutu. Na biyu, tana aiki da mai na musamman, wanda zafi da nauyin kaya suke saurin lalata shi. Na uku, idan ta lalace ba kowane bakanike yake iya buɗe ta ba, galibi sai dai a sayo wata ɗungurungum. Na huɗu, tsofaffin giyoyin otomatik masu hawa huɗu sun fi na hannu shan mai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Saboda haka mai motar haya ya kan ga gara ya yi asara sau ɗaya ya huta.

4.0 Mene Ne Kuloci, Kuma Yaya Yake Aiki?

Injin mota ba ya iya tsayawa cik ya ci gaba da rayuwa; dole ya yi ta juyawa ko da motar tana tsaye. Taya kuwa dole ta tsaya. Kuloci shi ne abin da yake raba su idan an so, ya kuma haɗa su sannu a hankali. Wanda ya san injin niƙa ya san misalinsa: idan bel ya yi sako-sako inji zai yi ta gudu dutse bai juya ba, idan aka ɗame shi sai su tafi tare.

Sassansa huɗu ne. Akwai fulawil, watau faffaɗan ƙarfe mai nauyi da yake juyawa tare da inji. Akwai faifan kuloci, wanda aka liƙa wa lainin gaba da baya da rifit, a tsakiyarsa kuma akwai rami mai haƙora da yake zama a kan sandar giyabos. Akwai mamatsi, wanda yake danne faifan a jikin fulawil da ƙarfin wani sifirin mai kama da faranti. Shi da faifan ne kanikawa kan haɗa su kira dis da filet. Sai kuma boris, wanda yake tura sifirin ɗin idan direba ya taka kuloci, faifan ya sami sarari. Daga ƙafar direba zuwa boris, ko dai waya ce take ja, ko kuma mai ne yake turawa ta hanyar abin da ake kira kulocin sama da na ƙasa.

Motar otomatik ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A madadin fulawil tana da wani siririn faranti, a madadin kuloci kuma wata tukunya mai cike da mai. Don haka wanda zai sauya giya ba gyara zai yi ba, sabon gini zai ɗora: fulawil da kusoshinsa, da matakin kuloci, da waya ko bututun mai, da liba da sandunanta, da mazaunin giyabos, sau da yawa har da sitata da shaf na tayoyi, da gyaran wayoyin lantarki domin motar ta yarda ta tashi, fitilar ribas kuma ta kama. A cikin wannan dogon lissafi ne kuloci yake zuwa daga ƙarshe, lokacin da kuɗi suka kusa ƙarewa. Nan ne asalin matsalar.

5.0 Sharaɗi na Farko: Dacewa

Hausawa sun ce kowace ƙwarya da abokiyar burminta. A motar da ba a taɓa ba, ya isa mutum ya faɗi sunanta da shekararta a ba shi kulocinta. A motar da aka sauya wa giya wannan ba ya wadatarwa, domin inji daga wata mota yake, giyabos daga wata. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: fulawil da mamatsi suna bin inji da junansu, haƙoran faifai da boris kuwa suna bin giyabos. Faifan shi ne yake tsaye tsakanin gida biyu, dole faɗinsa ya dace da fulawil, tsakiyarsa kuma ta dace da sandar giya.

Golf ta uku, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ta ishe mu misali. Tana da manyan nau'o'in giyabos na hannu guda biyu. Na farko, wanda kamfanin Volkswagen ya yi wa lamba 020, shi ne na ƙananan injuna. Kulocinsa a juye yake: mamatsin ne ake ɗaurewa a jikin inji, sa'an nan a kifa fulawil a kansa, wata siririyar sanda kuma ta ratsa cikin sandar giya ta tura shi daga can ɗaya ƙarshen, inda boris yake. Faifansa ya kan zo da faɗin milimita 190 ko 200 ko 210. Na biyu, mai lamba 02A, na manyan injuna ne, tsarinsa irin na sauran motoci, faifansa milimita 228, galibi kuma da mai yake aiki. Kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya ko kusa. Har a cikin 020 ɗin ma akwai mai sanda mai haƙora 24, akwai mai 28, alhali a ido kusan kamarsu ɗaya.

Abin da wannan yake koyarwa shi ne kada a yi cinikin biri a sama. A sayi giyabos tukuna, a karanta lambar da aka buga a jikinsa, a ƙirga haƙoran sandarsa, a auna fulawil. In da hali, a tafi da fulawil ɗin kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a gwada mamatsin a kansa a ga ramukan kusoshi da 'yan turakun da suke daidaita zamansa sun hau. Mafi sauƙi duka shi ne a sayi giyabos da fulawil da sitata da matakin kuloci daga mota guda. Har wa yau a lura, tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyarin motocinmu a hagu yake. Waya ko mataki da aka ciro daga motar Ingila mai sitiyari a dama ba lalle su dace ba.

Akwai wani tarko game da fulawil. Tun daga 1985 kamfanin LuK na Jamus ya fito da fulawil mai gida biyu, da sifirin a tsakaninsu domin shanye girgizar inji, yanzu kuma ya yawaita a motocin dizal. Faifan da ake haɗa shi da shi galibi ba ya da sifirin a tsakiya, domin fulawil ya ɗauke masa aikin. Irin wannan fulawil yana da tsada, ba ya kuma gyaruwa, shi ya sa ake musanya shi da dunƙulalle. Babu laifi a yi haka, amma fa dole a haɗa dunƙulallen da faifai mai sifirin. In ba haka ba, girgizar za ta wuce kai tsaye zuwa cikin giyabos, a yi garin neman ƙiba a samo rama.

6.0 Sharaɗi na Biyu: Ƙarfin Riƙo da Jure Zafi

Abin da kuloci yake riƙewa shi ne ƙarfin murɗawa na inji, wanda ake aunawa da ma'aunin Nm. Injin fetur na Golf mai lita 1.8 yana ba da wajen 145, mai lita 2.0 wajen 166, na dizal mai lita 1.9 da ake kira TDI kuwa ya haura 200. Masu ƙira sukan ba kuloci rarar ƙarfi, kamar kashi 20 zuwa 50 cikin 100 sama da na inji.

Ƙarfin riƙon ya dogara a kan abu huɗu da ake ninkawa da juna: kaushin lainin, da ƙarfin dannawar mamatsi, da nisan lainin daga tsakiyar faifai, da yawan fuskokin da suke gogayya, waɗanda biyu ne. Bari mu ƙaddara misali domin a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce mamatsi yana dannawa da ƙarfin Newton 4,000, watau kamar nauyin buhu huɗu na masara mai kilo 100. A ce tsakiyar lainin tana nisan mita 0.0875 daga cibiyar faifai, kaushinsa kuma 0.3, wanda shi ne na lafiyayyen lainin. Idan aka ninka 0.3 da 4,000 da 0.0875 da 2, za a sami 210. Wannan ya ishi inji mai 145 har da rara. To, a ce lainin ya ƙone, ko mai ya taɓa shi, kaushin ya sauko 0.2. Lissafin zai koma 140, ƙasa da ƙarfin injin. Ba abin da ya karye, ba abin da ya fashe, amma motar ba za ta ja ba. Abin da ya sami yayana ke nan.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata a gyara. Mutane da yawa suna zaton nauyin kaya yana buƙatar mamatsi mai tsananin ƙarfi. Kaya ba ya ƙara wa inji ƙarfin murɗawa. Komai nauyin da aka ɗora, inji ba zai ba da abin da ya wuce iyakarsa ba. Abin da kaya yake ƙarawa shi ne zafi. A lokacin tashi, fulawil yana gudu, faifai yana tsaye, sai sun yi ta gogayya kafin gudunsu ya zo ɗaya, gogayyar nan kuwa zafi take komawa. Motar da nauyinta yake wajen kilo 1,200, aka tsara ta ɗauki wajen rabin tan, idan aka ɗora mata buhu goma nauyinta ya kusa ninkawa, zafin kowane tashi shi ma haka. In a rairayi ne, inda direba yake riƙe rabin kuloci yana ba da wuta, abin ya wuce lissafi. Don haka mai motar lodi ya fi buƙatar faifai mai faɗi da lainin mai kyau da fulawil mai kauri, domin su ne suke shanye zafi. Inda giyabos zai karɓi milimita 210, kada a tsaya a 190 domin ragin kuɗi.

Wanda ya sauya inji kuwa, musamman daga fetur zuwa dizal, shi ne yake buƙatar mamatsi mafi ƙarfi, da faifan da aka yi sifirinsa domin girgizar dizal. Bugu da ƙari, zaɓen giyabos kansa yana shafar rayuwar kuloci. Giyabos na motar dizal dogayen giyoyi gare shi, saboda injinsa yana da ƙarfi tun daga ƙasa. Idan aka ɗaura shi a ƙaramin injin fetur, motar za ta yi nauyin tashi, direba kuma zai riƙa cike giɓin da kuloci. Giyabos mai gajerun giyoyi shi ya fi dacewa da hanyar ƙauye.

7.0 Ire-iren Kuloci a Kasuwa

Mai saye zai tarar da kashi biyar. Na farko shi ne sabo na kamfanonin da suke yi wa masu ƙera motoci, kamar Sachs da LuK na Jamus, da Valeo na Faransa, da Aisin da Exedy na Japan. Shi ya fi tsada, shi ya fi kwanciyar hankali, in dai an tabbatar na gaskiya ne. Abin lura shi ne, wanda yake cikin kwalin waɗannan kamfanoni ya kan fi wanda yake cikin kwalin kamfanin motar sauƙi, alhali sau da yawa tushensu ɗaya.

Na biyu shi ne na hannu, wanda aka ciro daga motocin waje, ake ce masa ɗan Beljiyam. Na asali ne, amma ya ci wani abu daga cikin rayuwarsa, sai a duba nawa ya rage. A dubi zurfin kan rifit a cikin lainin. Littattafan gyara da yawa sun sa iyakar ƙarshe a milimita 0.3, don haka wanda rifit ɗinsa ya kusa fitowa fili ba abin saye ba ne. A girgiza faifan a ji ko sifirin na tsakiya suna kaɗawa. A dubi fuskar mamatsi: shuɗin tabo alamar ƙuna ce, tsaga kuwa ba ta da magani. A dubi yatsun sifirin, su zama kansu ɗaya, ba su cinye ba inda boris yake taɓa su. A shinshina, lainin da ya sha mai ko ya ƙone ba ya ɓoye warinsa.

Na uku shi ne tsohon faifai da aka sa wa sabon lainin. Sana'a ce tsohuwa, ta kuma ceci manyan motoci da taraktoci da yawa. Ingancinsa ya rataya a kan irin lainin da aka sa da hannun mai aikin. Idan ya yi kauri kuloci ba zai saki ba, giya ta riƙa gurnani. Idan rifit bai zauna daidai ba motar ta riƙa karkarwa wajen tashi. Akwai kuma batun lafiya. Tsofaffin lainin da asbesto ake yin su, wanda ƙurarsa take jawo mugun ciwon huhu, har Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005. Kada a hure ƙurar kuloci da baki ko da iska, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Na huɗu shi ne sabo mai arha. A cikinsa akwai mai sunansa na kansa, wanda bai yaudari kowa ba, wani ma ya kan yi aiki daidai gwargwado a motar gida. Akwai kuma jabu, wanda ya ari kwali da tambarin wani. Alamominsa su ne rashin nauyi a hannu, da rifit marasa tsari, da rubutun da ba a buga shi a jikin ƙarfe da kyau ba, da farashin da ya yi sauƙin da hankali ba zai ɗauka ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na biyar shi ne kulocin motocin tsere, mai ɓalli-ɓalli na yumɓun ƙarfe a madadin lainin, wanda samari suke gani a intanet su yi sha'awa. Yana jure zafi, amma kamawa yake yi farat ɗaya, ba ya yarda da lallaɓawa, yana kuma cin fulawil. A cikin rairayi sai ya sa taya ta haƙa rami. Ga motar kasuwa, linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza.

8.0 Lissafin Araha

Kuloci ya bambanta da birki ta fuska guda: ba a kai gare shi sai an sauke giyabos, aikin da yake cin yini. Saboda haka kuɗinsa uku ne, na kaya, da na aiki, da na ranar da mota ba ta fita ba. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa nagari kashi 10 ne, mai arha kashi 4, aiki da asarar yini kuma kashi 5. Wanda ya sa nagari ya kashe 15. Wanda ya sa mai arha ya kashe 9, ya ga kamar ya yi riba. Idan mai arhar ya mutu aka sake sa irinsa, an kai 18, an riga an wuce, ba a ma sa kuɗin janwe da na kayan da suka lalace da amanar abokan ciniki ba. Araha ba ta ado.

To, ina ya halatta a yi tsimi? Ga abin da na fahimta. Fulawil da matakin kuloci da liba ƙarafa ne masu daɗewa, a saye su na hannu, in fuskar fulawil ta yi zane a kai wa mai injin dabe ya share ta kaɗan. Mamatsi ɗan Beljiyam mai lafiya ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Faifai kuwa, shi ne mai cinyewa, a yi ƙoƙari a sa sabo na ƙwarai. Boris da robobin da suke tare mai, na bayan inji da na bakin giyabos, kuɗinsu kaɗan ne, a sa sababbi ko da tsofaffin suna da kyan gani. A giyabos 020 akwai wata 'yar roba da siririyar sandar nan take ratsawa. Idan ta saki, man giya zai bi sandar ya sauka a kan faifai, sabon kuloci ya mutu a kan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba. In kuɗi ba su kai ba, gara mota ta ƙara mako a gareji da a rufe ta da abin da za a sake buɗewa.

9.0 Ɗauri da Kulawa

Nagarin kuloci ma yana mutuwa a hannun gaggawa. A wanke fuskar fulawil da ta mamatsi daga maiƙo. A daidaita faifai a tsakiya da sanda kafin a ɗaure, a kuma lura da fuskar da take kallon giyabos. A ɗaure kusoshi kaɗan-kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faifai, kada kuma a jawo shi da kusoshi in ya ƙi shiga. Man giris a kan haƙora ɗan shafawa ne kawai. Inda waya ce mai gyaruwa da hannu, a bar wa mataki sarari kamar faɗin yatsa kafin ya fara ja. Inda mai ne, a fitar da iska sarai.

Sauran aikin na direba ne. A ɗaruruwan kilomita na farko a rage lodi, lainin ya zauna. A tashi da giya ta ɗaya kullum. Kada a ɗora ƙafa a kan mataki ana tafiya, kada a riƙe mota a hawa da rabin kuloci alhali ga birkin hannu. Idan ta kafe a rairayi, a sauke fasinja, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa kara, a tura. Minti biyar na naci da rabin kuloci ya kan cinye abin da tafiyar watanni ba ta ci ba. Alamar farko ta mutuwa kuwa ita ce a taka totur a babbar giya, kukan inji ya ƙaru, gudu bai ƙaru ba. Wanda ya ji haka ya nufi gareji da ƙafarsa, tun kafin a kai shi da igiya.

10.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa kulocin motar da aka sauya wa giya ba a zaɓensa da sunan mota, sai da awo: haƙora daga giyabos, faɗi daga fulawil, ƙarfi daga inji, jure zafi kuma daga irin hanya da kayan da motar za ta ɗauka. An kuma nuna inda tsimi yake da amfani da inda yake zama asara. A ƙauyukanmu mota guda ita ce take kai hatsi kasuwa, ita ce take kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, sau da yawa kuma dukiyar gida ce gaba ɗaya aka zuba a cikinta. Yayana ya sake sauke giyabos, ya sa faifai mai faɗin milimita 210 da sababbin robobi, ya kuma rage buhu biyu daga lodinsa. Motar tana kan hanya har yanzu, bijiman ne dai bai mayar ba tukuna.